Kitse a hanta, toshewa a jijiyar zuciya: lamarin majinyacin da aka dakatar wa sitatin

An tsara wannan lamari ne domin koyarwa, daga irin abin da ake yawan gani a ɗakin duba masu ciwon zuciya. Ba labarin wani mutum guda ba ne, kuma sakamakon gwaje-gwajensa misali ne. Binciken da aka ambata a ciki, da alƙalumansu, na gaske ne.

Yadda ya zo

Magidanci ne mai shekara 58. Ya shekara 9 yana fama da ciwon suga irin na manya, ga hawan jini, ga ƙiba: tsawonsa mita 1.70, nauyinsa kilo 94, zagayen cikinsa santimita 108. Ba ya shan giya. Taba kuwa ya daina tun ranar da ya samu bugun zuciya, wata 20 kafin wannan zuwan, lokacin da aka buɗe masa babbar jijiyar da ke ciyar da gaban zuciya aka sa masa ɗan bututun raga da ake kira sitent. An sallame shi da aspirin da clopidogrel da bisoprolol da ramipril da metformin, sai atorvastatin, maganin rage kolestarol na dangin da ake kira sitatin, miligiram 80 da zai riƙa sha kullum da dare. Ranar da aka kwantar da shi, mummunan kolestarol ɗinsa, wato LDL, ya kai milimol 4.2 a lita. Bayan wata uku ya sauka zuwa 1.9.

Da ya cika shekara guda sai ya je wani wuri a duba lafiyarsa baki ɗaya. Gwajin jini ya nuna sinadaran hanta biyu sun ɗan hau, ALT 71 da AST 44, alhali iyakar ɗakin gwajin 40 ce. Aka yi masa hoton ciki, mai hoton ya rubuta cewa hantar ta yi haske fiye da ƙima, alamar kitse ya taru a cikinta. Nan take aka ce ya ajiye maganin kolestarol har hanta ta huta. Ba a faɗa masa ranar da zai koma kansa ba, ba a kuma rubuta wa likitan zuciyarsa ba. Ya ci gaba da shan sauran ƙwayoyinsa ba fashi, wannan ɗayar ce kawai ya cire. Haka ya zauna wata takwas.

Abin da ya dawo da shi nauyin ƙirji ne. In ya hau bene ko ya yi sauri, sai ya ji kamar an danne masa tsakiyar ƙirji, in ya tsaya minti biyu zuwa uku sai ya sake shi. Ya zo tare da babbar 'yarsa, ita ce ke riƙe da ambulan ɗin takardunsa.

Jikinsa bai nuna alamar hanta ta gaza ba. Idonsa fari tas, ba shawara, ciki bai tara ruwa ba, ƙafa ba ta kumbura ba, saifa ba ta girma ba. Jini ya nuna LDL 4.0, wato ya koma kusan inda yake ranar bugun zuciyar. Sauran kitsen jini, tiraigilisaraid, 2.6; kolestarol mai amfani, HDL, 0.9 kacal; ma'aunin sugar wata uku, HbA1c, 8.1. ALT 74, AST 48, bilirubin 11, albumin 42, daskarewar jini daidai, ƙwayoyin filatilet 205. Ba ya ɗauke da ƙwayar cutar hanta ta B ko ta C. Ƙoda da maƙogwaron tayiroid lafiya lau, kuma ya tabbatar ba ya shan wani jiƙo ko ƙwayar ƙarin kuzari.

Abu mafi amfani bai fito daga ɗakin gwaji ba, daga cikin ambulan ɗin ya fito. Da aka baje takardun bisa tebur aka jera su bi da bi, sai ga wata tsohuwa, an ninke ta huɗu har ta fara yagewa a kan ninkin, ta asibitin suga ce, shekara biyu kafin bugun zuciyar. A jikinta an rubuta ALT 63. A lokacin bai taɓa haɗiyar sitatin ko sau ɗaya ba. Ga kuma wata ta wata uku bayan an dakatar da maganin: ALT 78. Ke nan kafin magani 63, ana kan magani 71, bayan an cire shi 78, yanzu 74. Ko ba likita ba, wanda ya kalli jerin nan zai ga lambar ba ta bin maganin. Tana nan kafin zuwansa, ta kuma ƙi tafiya bayan tafiyarsa.

Aka duba jijiyoyin zuciyar da ruwan hoto. Tsohon sitent ɗin a buɗe yake, amma jijiyar dama, wadda a hoton farko ɗan ƙuncinta bai taka kara ya karya ba, yanzu ta tsuke da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Ba wanda zai iya rantsewa cewa wata takwas ɗin nan ne kaɗai suka jawo haka, domin ga suga da ba ta kwanta ba. Amma an bar jijiya mai ciwo tana wanka da LDL ninki biyu na abin da ta saba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya sa ake jin tsoron

Wanda ya ce a dakatar da maganin ba daga sama ya ɗauko tsoronsa ba. A hanta sitatin yake aiki. Yana toshe wani sinadari da hanta ke amfani da shi wajen ƙera kolestarol. Da ta ga nata ya ragu sai ta ƙara yawan maƙallan da ke fizgo LDL daga cikin jini, shi ya sa lambar ke faɗuwa. Masanin ƙasar Japan Akira Endo ne ya fara samo irin wannan magani daga wani nau'in fumfuna a shekarun 1970, kuma a 1987 Amurka ta amince da lovastatin, na farko da ya shiga kasuwa. A wancan lokacin takardar cikin kwali tana gargaɗin kada a bai wa mai ciwon hanta da ke kan ganiyarsa, ko wanda sinadaran hantarsa suka hau ba a san dalili ba, kuma a riƙa gwada jini a kai a kai. Likitocin da suka yi karatu a wancan zamani da wannan suka tashi, su ma suka koyar da na bayansu.

Gaskiya ne sitatin kan ɗaga ALT. In adadin da ake sha kaɗan ne, waɗanda tasu ke wuce ninki uku na iyaka ba su fi mutum ɗaya cikin ɗari ba. A atorvastatin 80 sukan kai biyu zuwa uku cikin ɗari. Galibi cikin watannin farko abin ke faruwa, kuma sau da yawa yakan sauka da kansa ko ba a taɓa maganin ba. Sai dai ALT ba ma'aunin aikin hanta ba ne. Sinadari ne da ke zaune cikin ƙwayoyin hanta, yana ɗan tsiyayowa cikin jini in sun takura. Mai son sanin ko hanta na aikinta, bilirubin zai duba, da albumin, da yadda jini ke daskarewa, kuma duka ukun a wajen majinyacin nan ba su da aibi. Mummunan rauni na gaske da sitatin ke yi wa hanta yana faruwa, amma a wajen mutum ɗaya ne cikin dubu ɗari, kuma gwajin jini na lokaci-lokaci ba ya hango shi kafin ya zo. Wannan ne ya sa a watan Fabrairun 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta cire sharaɗin gwajin a kai a kai daga takardun sitatin, ta ce a gwada kafin a fara, daga nan sai in an ga alama. Shekara fiye da goma ke nan, amma har yau tsohon umarnin ne ke aiki a ɗakunan duba marasa lafiya da yawa.

Kalmar nan ta "ba a san dalili ba" ita ma ba ta hau kan wannan majinyaci. An san dalilin: ƙiba, suga, kitse a hanta. Kusan kashi 30 cikin ɗari na manyan duniya suna da wannan kitse, a cikin masu ciwon suga kuwa sun haura rabi. Tun 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta suka koma kiransa MASLD a madadin NAFLD, domin jaddada cewa tushensa ɗaya ne da na suga da hawan jini da lalacewar kitsen jini. In da za a hana duk mai kitse a hanta sitatin, da an hana akasarin mutanen da suka fi kowa buƙatarsa.

Abin da bincike ya nuna

Tambayar da ta dace a fara da ita ita ce: me ke kashe masu kitse a hanta? Amsar ba ta canja ba a binciken da suka bi mutane shekaru masu yawa: ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ne kan gaba, sai sankarar wasu sassan jiki, sannan hantar kanta. Sai in tabo ya yi nisa ne haɗarin hanta ke tasowa ya yi gogayya da na zuciya. A ɗaya ɓangaren kuma, amfanin sitatin ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya ba abin muhawara ba ne tun 1994, lokacin da binciken 4S na ƙasashen Sikandinebiya, mai mutum 4,444, ya nuna simvastatin ya rage mace-mace da kashi 30 cikin ɗari. A 2010 aka tattara bincike 26 masu mutum kusan 170,000, aka ga duk milimol ɗaya da LDL ya sauka, manyan matsalolin jijiyoyin jini na raguwa da kimanin kashi 22 cikin ɗari. Majinyacinmu milimol biyu aka mayar masa.

Binciken da ya fi kama da lamarinsa shi ne GREACE na ƙasar Girka, wanda aka buga wani sashensa a mujallar Lancet a 2010. Mutum 1,600 ne masu ciwon jijiyoyin zuciya. A cikinsu 437 sun shiga binciken da sinadaran hanta a sama, amma ba su kai ninki uku ba, kuma ana kyautata zaton kitse ne sanadi. An bai wa 227 sitatin, yawanci atorvastatin, 210 ba su samu ba. Waɗanda suka sha, lambobin hantarsu sauka suka yi. Waɗanda ba su sha ba, nasu ƙara hawa suka yi. Matsalar zuciya ta samu kashi 10 cikin ɗari na masu sha, da kashi 30 na marasa sha. Cikin mutum 880 da suka sha sitatin a binciken baki ɗaya, bakwai ne kacal aka dakatar wa saboda hanta.

Kada a ɗora wa wannan sakamako abin da ba zai iya ɗauka ba. Ba don wannan tambayar aka shirya binciken ba, daga baya aka koma aka tsamo waɗannan mutane. Likita da majinyaci duk sun san wa ke shan me, ba a kuma yanki tsokar hantar kowa an duba ba. Ragin da aka samu, kusan kashi biyu cikin uku, ya yi girman da nake zaton gaskiyar ba ta kai haka ba. Amma alƙiblar ba ta tsaya ita kaɗai ba. A 2007 an gwada pravastatin miligiram 80 a kan mutum 326 masu daɗaɗɗen ciwon hanta da bai kai ga gazawa ba, mafi yawansu masu kitse ko cutar C, aka raba su da ƙuri'a, wasu magani wasu ƙwayar da ba komai a cikinta, na tsawon mako 36. Masu shan maganin ba su fi sauran samun hauhawar ALT ba. Jagorar ƙungiyar likitocin hanta ta Amurka ta 2023 ta faɗa ƙarara cewa sitatin ba shi da haɗari ga masu wannan kitse, har da waɗanda hantarsu ta motse saboda yawan tabo matuƙar tana riƙe da aikinta, kuma a ba su domin kare zuciya.

Akwai masu wuce nan su ce sitatin magani ne na kitsen hanta. Wannan ban yarda a gaya wa majinyaci ba. An lura cewa masu shan sa sun fi ƙarancin sankarar hanta da gazawarta, amma lura daban, gwaji daban: likitoci sun saba hana sitatin ga waɗanda hantarsu ta fi lalacewa, don haka dole masu shan su fito sun fi lafiya a lissafi. Dalilin ba shi maganin zuciyarsa ce, kuma dalilin ya isa.

Shawarar da aka yanke

Kafin a mayar da maganin sai da aka auna tabon hantar, domin tabo ne ke nuna makomar hanta, ba yawan kitse ko tsayin ALT ba. Akwai lissafi mai sauƙi da ake kira FIB-4, ana haɗa shekaru da AST da ALT da filatilet. Ƙasa da 1.3 hankali kwance, sama da 2.67 akwai damuwa. Nasa ya ba da 1.58, tsaka-tsaki. Sai aka tura shi gwajin taurin hanta da na'urar FibroScan, aka samu kilofaskal 8.9. Ƙasa da 8 ake so. Wannan na nuna akwai yiwuwar tabo ya fara, amma da sauran tafiya kafin a yi maganar motsewa. Babu abin da zai hana sitatin a nan.

Shawo kansa ya sha kuwa sai da aka yi da gaske, domin wata takwas yana ɗauke da maganar cewa ƙwayar nan ce ta taɓa masa hanta.

"Likita, ni fa zuciyar an riga an gyara ta," in ji shi. "Hantar ce ba a iya sa mata ƙarfe."

"Malam, wuri ɗaya aka gyara, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Sauran jijiyar tana nan, kuma ka ga abin da hoton ya nuna a ta dama."

'Yar ce ta tura masa tsohuwar takardar gabansa. "Baba, duba kwanan watan. Lokacin nan ai ko asibitin zuciya ba ka sani ba."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce zai sha, amma ba 80 ba.

Aka karɓi wannan, kuma ba don lallashi kawai ba. Duk lokacin da aka ninka adadin sitatin, ƙarin saukar da ake samu a LDL bai wuce kashi 6 cikin ɗari ba, alhali ƙara ezetimibe miligiram 10, wanda ke hana hanji tsotsar kolestarol, yakan ƙara kashi 20 ko fiye. Binciken IMPROVE-IT na 2015, mai mutum sama da 18,000 da suka samu bugun zuciya ko makamancinsa, ya nuna wannan ƙarin yana rage matsaloli, ko da yake ragin ɗan kaɗan ne: kashi 32.7 a kan 34.7 cikin shekara bakwai. Tunda 80 ɗin ma a da 1.9 ya tsaya, kuma jagorar likitocin zuciya na Turai ta 2019 na son irinsa ya sauka ƙasa da 1.4, wato miligiram 55 a desilita, ko ta yaya sai an ƙara ezetimibe. Aka fara da atorvastatin 40 tare da shi, aka ƙara masa bisoprolol, aka ba shi ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe. Ƙuncin jijiyar dama bai kai a sa sabon sitent ba. Aka rubuta a fayil da kuma takardar hannunsa cewa ALT ɗinsa na asali tsakanin 60 ne da 80, domin duk wanda ya gwada shi nan gaba ya san daga inda zai fara lissafi.

Mako na goma

A mako na shida komai ya tafi yadda ake so: LDL 1.6, ALT 69, nauyin ƙirji ya yi sauƙi. A mako na goma 'yar ta kira a gigice. Cinyoyinsa da kafaɗunsa na ciwo, tashi daga kujera na ba shi wuya, an kuma yi gwaji ALT ta kai 131, AST 96. Shi kam ya riga ya yanke hukunci, ya ce dama ya faɗa.

Wannan karon lambar ta wuce ninki uku na iyaka, don haka ba abin sharewa ba ne. Amma bilirubin 12 ne, ido fari, fitsari bai yi duhu ba. Sinadarin tsoka, CK, ya kai 640, kusan ninki uku na iyakarsa, wanda ke nuna ciwon tsokar na gaske ne, kuma wani ɓangare na AST ɗin daga tsoka ya fito. Da aka tambaye shi ko ya sha wani sabon abu, sai ya tuna da tarin da ya yi, aka rubuta masa clarithromycin na mako guda a wani wuri, yana rana ta shida. Ga bakin zaren. Wannan maganin ƙwayoyin cuta yana toshe hanyar da hanta ke bi ta narkar da atorvastatin da simvastatin da lovastatin, sai maganin ya taru a jini ninki-ba-ninki. Haka itraconazole ke yi, haka wasu magungunan ƙanjamau. Clarithromycin ɗin kansa ma yakan ɗaga ALT.

Yana da kyau a bambance wannan da ciwon jikin da mutane da yawa ke kuka da shi ba tare da jini ya nuna komai ba. A binciken SAMSON na Landan, 2020, an bai wa mutum 60 da suka daina sitatin saboda illa kwalabe 12, wasu da magani, wasu da ƙwayar bogi, wasu wayam, kowace ta wata guda. Kashi 90 cikin ɗari na wahalar da suka ji da maganin sun ji ta da ƙwayar bogin. Majinyacinmu ba ya cikin wannan sahu. Nasa akwai shaida a jini, akwai kuma sanadi.

Aka dakatar da atorvastatin, aka bar ezetimibe. A ido wannan daidai yake da abin da aka yi masa a baya, amma akwai tazara mai nisa. An san abin da ake zargi, an sa ranar sake gwaji, mako biyu, an kuma gaya masa tun a ranar cewa in lambobin sun sauka zai koma kan maganinsa. Da ranar ta zo ALT 70, CK ya dawo daidai, cinyoyi sun saki. Ya koma kan 40, aka sake gwaji bayan mako shida ba abin da ya motsa. Aka ba shi ɗan kati ya sa a aljihu mai ɗauke da sunayen magungunan da ba sa jituwa da nasa. Da a ce dole ne ya riƙa shan irin waɗannan magunguna a kai a kai, da rosuvastatin ko pravastatin aka koma, domin su ba ta wannan hanyar hanta ke narkar da su ba.

Ya kamata a faɗi inda tsoron ke da gaskiya. In ALT ta wuce ninki uku kuma bilirubin ya wuce ninki biyu, ba tare da toshewar hanyar madaciya ba, wannan alamar rauni ce mai iya kisa, a tsayar da maganin nan take. Ƙa'ida ce da aka samo daga aikin Hyman Zimmerman, masanin illar magunguna ga hanta. Haka in shawara ta bayyana, ko fitsari ya yi duhu tare da kasala da amai. Mai hantar da ta motse har ta gaza, ciki ya tara ruwa ko ya yi aman jini ko hankali ya fara gushewa, shi ma lissafinsa daban ne, kuma tsokarsa ce ta fi shiga haɗari, domin maganin na taruwa a jini. A binciken LIVERHOPE na Turai, 2020, masu irin wannan hanta da aka bai wa simvastatin 40 tare da rifaximin sun samu hauhawar sinadaran hanta da narkewar tsoka har aka tsayar da wannan rukuni, na miligiram 20 kuwa ba su samu ba. Tsakanin wannan da mai ALT 71 da albumin 42 akwai nisa sosai, kuma haɗa su a hukunci ɗaya shi ne gudun gara a faɗa wa zago.

Hantar fa?

Mayar da sitatin bai warware matsalar hantar ba, kuma wata takwas ɗin da ta yi tana "hutawa" ba wanda ya yi mata komai. Abin da aka tabbatar yana rage kitsen shi ne rage nauyi. Kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na nauyin jiki na rage kitsen, 7 zuwa 10 na kwantar da kumburin, daga 10 zuwa sama tabon ma kan ja baya, kamar yadda wani bincike na ƙasar Kyuba ya nuna a 2015 a kan mutum 293 da aka duba tsokar hantarsu kafin da bayan shekara guda. Aka tsara masa tafiyar ƙafa da rage abin zaƙi, aka kuma ƙara masa allurar semaglutide ta mako-mako, wadda ke sauke suga da nauyi kuma an nuna tana kare zuciyar masu suga. An yi maganar pioglitazone, wanda shi ma yana taimakon hanta, aka bar shi saboda yana ƙara nauyi da tara ruwa. Sitatin kansa yakan ɗan ɗaga suga, abin da ya sa ake sa ido, amma ɗagawar ba ta kai a fasa shi ba. Akwai kuma resmetirom, wanda Amurka ta amince da shi a watan Maris na 2024 domin masu kumburin hanta da tabo matsakaici zuwa mai yawa. Bai kai ga buƙatarsa ba, amma an rubuta a fayil cewa in har aka zo nan, takardar maganin ta iyakance atorvastatin a miligiram 40, rosuvastatin a 20.

Bayan shekara guda nauyinsa ya sauka zuwa kilo 87, HbA1c 6.9, ALT 41, taurin hanta 7.6. Shi yana cewa sitatin ne ya gyara hantar, kamar yadda a da yake cewa shi ya ɓata ta. Kilo bakwai ɗin da ya zubar sun fi cancantar yabon. Ƙirji ba ya damunsa sai in ya yi gaggawa a tudu. A wata na takwas ya yarda aka mayar da shi 80, ALT ba ta motsa ba, LDL ya tsaya a 1.5, har yanzu saman abin da ake nema da ɗan kaɗan. An yi masa bayanin alluran PCSK9, evolocumab ko alirocumab, da ake yi duk mako biyu, masu iya sake rage LDL da fiye da rabi. Ya ce allura ɗaya ta ishe shi a yanzu. An sa masa gwajin kitsen jini bayan wata uku, FIB-4 kuma duk shekara.